Sai Jaririn Da Ya Rayu Ake Yi Wa Ɗinki

Ƴan uwa, kowa a cikinmu ya taɓa ganin hotunan nan biyu da ake jerawa gefe da gefe. A na farko jariri ne da leɓe a tsage har hanci. A na biyu shi ne dai, bayan an yi masa aiki, yana murmushi. Sai mu rubuta "Masha Allah, Allah ya saka wa likitoci da alheri", mu wuce abinmu. Ni ma shekaru na yi ina haka. Yau zan yi maganar watannin da uwa ke yi ita kaɗai kafin a ɗauki hoton farko, da shekarun da ke biyo bayan na biyu, da kuma yaran da ba su kai ga shiga kowane hoto ba. Wanda zai ji haushi ya ji.

Shekara huɗu ke nan ƙanwata ta haihu a wani gidan likita cikin jihar Maraɗi. Namiji ne, kilo uku da ɗan wani abu, fuska lafiya lau, leɓe ba tsaga ba komai. Aka yanke cibi, aka goge shi, aka cika karne, washegari aka sallame su. Ba wanda ya buɗe bakin yaron ya leƙa. Da suka koma gida sai ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, ya yi ta kuka har barci ya sace shi da yunwa a cikinsa. In ya ɗan samu wani abu ya haɗiya, sai ka ga nono na fitowa ta hanci. Nan da nan tsofaffi suka yanke hukunci. Wannan ta ce nononta ne ba shi da kyau. Waccan ta ce: "Yarinyar ga ba ta iya riƙon ɗa ba, haihuwar fari ce." Aka dafo bauri aka ɗura masa, ya sarƙe har idanunsa suka kakkafe.

Kun san wa ya gano matsalar? Wanzami. Ranar suna ya zo cire belu, ya danne harshe, ya leƙa, sai ya ajiye ƙarfensa. Ya ce da mahaifinmu: "Alhaji, yaron ga belunsa biyu ne, kuma saman bakinsa a buɗe yake. Ni ba ni taɓa shi. Ku kai shi likita." Allah ya saka wa dattijon nan. Amma ku tsaya ku yi tunani: an haifi yaro a hannun ma'aikatan lafiya masu takardar shaida, sai bayan kwana bakwai mai aska ya ga abin da tocilan salula da sakan goma za su nuna. Kuma ba kowane wanzami ne zai ajiye ƙarfe ba. Wani yankewa zai yi, ya ƙara wa jaririn da ba ya iya tsotso rauni da zubar jini.

Washegari aka koma gidan likita. Aka duba aka ce: "E, tsagewar ganɗa ce. Sai ya girma, ku kai shi Yamai, kyauta ake yi." Shi ke nan. Ba wanda ya ce mata ga yadda za ki shayar da shi daren yau. Ranar da yaron ya cika mako shida aka ɗora shi kan sikeli, nauyinsa bai kai na ranar haihuwarsa ba.

Bari in yi bayanin abin, don jahilcinsa ne ke cin rai. Leɓen sama da rufin baki, wanda ake kira ganɗa, ba a haɗe suke farawa ba a cikin ciki. Ɓangarori ne suke tahowa daga dama da hagu su haɗu a tsakiya. Leɓe yana haɗewa wajen mako na huɗu zuwa na bakwai na ciki, ganɗa kuma tana rufewa kafin ciki ya cika wata uku. Wani lokaci haɗuwar ba ta kammala. Sai a haifi yaro da tsagaggen leɓe, ko tsagaggiyar ganɗa, ko duka biyu. Abin yana faruwa tun mace ma sau da yawa ba ta tabbatar tana da ciki ba. Akwai gado a ciki, daga ɓangaren uba ko na uwa. Hayaƙin taba, ciwon suga da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin. A mafi yawan yara kuma ba a iya nuna dalili guda a ce shi ne. Ba fitar magariba ba ce, ba husufin wata ba ne, ba dariyar da ta yi wa wani ba ce, ba iskoki ba ne. A duniya ana ƙiyasta kusan jariri ɗaya cikin 700. A Nijar ana haifar jarirai fiye da miliyan ɗaya kowace shekara. Ko da mun rage lissafin mun ce ɗaya cikin 2000, jarirai ɗari biyar ke nan duk shekara. Ina suke? Nawa ka gani a unguwarku sun girma?

Ga inda mutuwar take. Jariri yana tsotso ne ta hanyar rufe bakinsa ruf ya ja, kamar yadda kake jan lemo da tsinke. In ganɗa a buɗe take, baki da hanci sun zama ɗaki ɗaya, iska na shiga ta sama, jan ba ya kamawa. Ka huda tsinken lemo a gefe ka gwada ja, za ka gane. Yaro zai yi awa guda a kan nono, ya gaji, ya yi gumi, abin da ya ƙona wurin wahala ya fi abin da ya sha. Nonon uwa kuma in ba a jan shi raguwa yake yi. Sai tsofaffi su ce "mun faɗa, ba ta da nono". Sai a koma koko, ko nonon akuya, ko madarar gwangwani da ake tsinkawa da ruwa mai yawa don ta kwana biyu, tunda gwangwani ɗaya ba ya kai mako. Daga nan sai zawo, sai tamowa, sai ciwon huhu saboda abin da ake ɗurawa yana ɓacewa ya bi hanyar numfashi. Ranar da ya rasu, a rajista za a rubuta tamowa ko zawo. Ba wanda zai rubuta cewa ramin da ke cikin bakinsa ne asali.

Likitocin fiɗa kuma ba za su sa wa ramammen yaro maganin barci ba, kuma suna da gaskiya. Aikin leɓe ana yin shi ne yawanci tsakanin wata uku zuwa shida, in yaro ya kai wajen kilo biyar kuma yana da isasshen jini. Aikin ganɗa kuwa sai wajen wata tara zuwa wata goma sha takwas. To wa zai kai shi can? Wa zai ciyar da shi wata tara? Nan ne kowa ya janye hannu ya bar yarinya ƴar shekara ashirin da cokali a hannu da tsakar dare.

Mu Allah ya taimake mu ta hannun wata dattijuwar ma'aikaciya a CRENI, sashen da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani. Ta zauna kan tabarma kusa da ƙanwata, ta ce: "Ɗiyata, share hawayenki, nononki lafiya lau yake. Kawo kofi." Ta koya mata tatsa da hannu. Ta nuna mata yadda za ta zaunar da yaron a tsaye-tsaye, ta ɗora bakin ƙaramin kofi kan leɓensa na ƙasa, ta karkata har nonon ya taɓa leɓe, ta bar shi ya lasa da kansa ba tare da an kwarara masa ba. Bai ɗauki rabin awa ba. Darasin rabin awa, da kofin da bai kai kuɗin katin waya ba, shi ne ya raba yaron nan da kabari. Me ya hana a koya mata tun ranar haihuwa?

Kada wani ya juya maganata. Ban raina masu yin aikin ba. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana ɗinke wa yara leɓe da ganɗa. Ƙungiyar Sentinelles tana Damagaram tun 1992, tana kula da yara masu cutar noma, kuma tana taimakon masu tsagewar leɓe da ganɗa. Smile Train, da aka kafa a Amurka a 1999, tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki a ƙasashe da dama ta hannun likitocin gida. Waɗannan sun yi abin da suka zo yi. Tambayata ga hukumomin ƙasarmu take: don baƙi sun ɗauki nauyin allura da zare, sai ku ɗauka kun sauke naku? Muna ta maganar ƴancin kai da tsayawa da ƙafafunmu, kuma na yarda da ita. To tsayawa da ƙafafu ta haɗa da sanin yara nawa aka haifa da wannan lalura bana a Tasawa, nawa a Madawa, nawa a Magarya, da nawa ne cikinsu suka ga shekara guda.

Tun 2006 aka ce kula da lafiyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa kai ɗansa likita ya san sau nawa kyautar nan ke ƙarewa da takardar magani a hannu, a ce ka je farmasi. Ga mai tsagaggiyar ganɗa kuwa, abin da ke cin kuɗin ma ba ya cikin lissafi. Daga Maraɗi zuwa Yamai fiye da kilomita 600 ne. Daga Damagaram kusan 900. Daga Tawa fiye da 500. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Za ka je a duba, a ce bai kai nauyi ba, ka koma. Ka dawo a ce yana tari, ka koma. Ka dawo a yi aiki, ka koma, ka sake dawowa a duba ɗinki. Kuɗin mota na mutum biyu, abinci, masauki, ga gona ko sana'a da aka bari. Mu sau huɗu muka yi tafiyar nan, tumaki biyu suka tafi a ciki, kuma mu muna da ɗan uwa a Yamai da ya ba mu ɗaki. A layin jira mun haɗu da wata mata daga wani ƙauye a jihar Damagaram, an ce ta koma da ɗiyarta sai ta ƙara nauyi. Ta tsaya tana ƙirga canjin da ke ƙulle a bakin zanenta. Ba mu sake ganinta ba a sauran zuwan da muka yi, kuma har yau ina tuna fuskarta.

Yanzu ga abin da hoton murmushi ba ya faɗa. Ɗinki ba shi ne ƙarshe ba. Tsokar da ke bayan ganɗa ita ce ke buɗe ƴar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da cikin kunne. In ba ta aiki daidai ruwa yana taruwa a bayan dodon kunne, shi ya sa mafi yawan yaran nan suke fama da ciwon kunne da raguwar ji. Yaron da ba ya ji sosai ba zai iya magana sosai ba. Ga maganar kanta: wasu ko bayan aiki iska na kuɓuce musu ta hanci, sai harufa irin su "b" da "k" da "s" su ƙi fita. Suna buƙatar mai koyar da furuci ya zauna da su wata da watanni. Ku tambayi kanku, a garinku ina ake samun irin wannan ma'aikaci, kuma mai jin Hausa? Wanda tsagar ta ratsa dasashinsa haƙora za su fito masa a karkace, kuma yakan buƙaci wani aikin wajen shekara takwas zuwa goma sha ɗaya, a cike gurbin da ƙashi. Wato tafiyar shekaru ce. Ɗan ƙanwata yau yana gudu yana wasa, alhamdu lillahi, amma kunnensa na dama ya yi ruwa sau uku bana, kuma in ya ce "Baba" uwarsa kaɗai ke ganewa da sauri. Baɗi ko baɗin baɗaɗa zai shiga makaranta, cikin aji mai yara fiye da sittin. Wane malami ne zai san cewa ba daƙiƙi ba ne, ji ne ba ya yi daga bayan aji?

Na gama da hukuma, saura mu.

Maza, da ku nake. Akwai wanda ana nuna masa jaririn zai ce "wannan ba a danginmu". Akwai wanda zai bar matar can gidan iyayenta wurin wanka, arba'in ta wuce, wata uku ya wuce, bai aiko ko sabulu ba. Akwai gidan da ake yin suna a rufe jariri da zane kamar kayan sata, a ce barci yake yi. Malam, ɗanka ne. Rabin halittarsa daga gare ka ta fito. Matarka tana tatsa sau takwas ko fiye tsakanin dare da rana, kowane zama rabin awa, ban da wanke kofi da dafa ruwa. In ba ka iya tatsa, kana iya riƙe kofi. Kana iya saya mata abinci mai kyau ta ci. Kana iya ce wa mahaifiyarka cikin ladabi: "Inna, likita ya ce ba laifinta ba ne, kuma a bar ɗurar nan."

Masu cewa "haka Allah ya halicce shi, a bar shi", ku ji tsoron Allah. Mun yi imani da ƙaddara, amma wa ya ce imani da ƙaddara shi ne naɗe hannu? In ɗanka ya karye, ba ka kai shi wurin maɗori? Malamai sun daɗe da bambance gyaran lahani da canza halitta don ado. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an sare masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. To ina hujjar barin jariri da rami a baki? Limamanmu, huɗuba ɗaya a kan wannan za ta kai inda takardun ma'aikatar lafiya ba sa kaiwa.

Mu kuma matasan birni, ƴan fada da shayi, kada mu ɗauka mun tsira. Bidiyo nawa muka tura wa juna na ɗan barkwanci yana toshe hanci yana kwaikwayon mai maganar hanci, muna ta ƙyalƙyala dariya? Wanda ake kwaikwayon nan mutum ne da ba a ɗinke wa ganɗa kan lokaci ba. Ya san abin da yake son faɗa sarai, bakin ne ya ƙi ba shi haɗin kai. Irin dariyar nan ce ke sa yaro ya daina ɗaga hannu a aji, daga baya ya daina zuwa ajin ma gaba ɗaya. Ita ce ke sa uwa ta ɓoye ɗanta a ɗaki maimakon ta kai shi awo.

Na san wani zai ce: ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kwashe yara dubbai, ina ita ina wannan? Amsa biyu gare ni. Ta farko, yaran nan suna cikin waɗancan dubban da kake ƙirgawa, sunan ciwon ne kawai aka sauya musu. Ta biyu, dubi abin da muke nema ka gaya mini wanne ne ya fi ƙarfin ƙasa.

Muna neman kada a sallami jariri daga kowane ɗakin haihuwa sai an buɗe bakinsa da haske an ga ganɗa har zuwa belu, a rubuta a karne. Muna neman kowace ungozoma da kowane majo na CSI su iya koya wa uwa tatsa da shayarwa da kofi, kuma su koya mata a ranar, ba sai yaro ya rame ba. Muna neman a rubuta sunan kowane jariri mai wannan lalura, a riƙa auna shi duk mako a watannin farko, in uwa ba ta zo ba a aika ma'aikacin sa-kai na unguwa ya bi sawu. Muna neman a kira wanzamai da ungozomomin gargajiya a zauna da su, tunda su ke ganin jariran da aka haifa a gida: wanda ya ga rami a sama ya ajiye ƙarfe ya tura likita. Muna neman ma'aikatun magajin gari su ware kuɗin mota ga iyayen da aka tura nesa. Kuma muna neman a tsayar da wannan aiki dindindin a manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ranaku sanannu, da duba kunne da koyar da furuci. Muna da sashen koyon likita a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta André Salifou a Damagaram. A horar da ƴaƴanmu su riƙe aikin, kada uwa ta zauna jiran sanarwar rediyo cewa baƙi sun zo.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da za ka iya kai wa wata uwa yau. In jariri yana daɗewa kan nono ba ya ƙoshi, ko nono na fito masa ta hanci, a kai shi a duba saman bakinsa ko da leɓensa lafiya yake. In an tabbatar, ta ci gaba da tatsa duk bayan awa biyu zuwa uku don kada nonon ya ƙafe. Ta ba shi da kofi ko cokali mai tsabta, yana zaune a jikinta kansa a sama, kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana sa shi gyatsa saboda yana haɗiyar iska da yawa. In nono ya fito ta hanci ta dakata, ta goge, ta ci gaba. Ba ɗura, ba bauri, ba koko, ba cire belu. In ya cika mako biyu bai koma nauyin haihuwarsa ba, ko fitsarinsa ya ragu, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jikinsa ya yi zafi, ko haɓarsa ƙarama ce yana wahalar numfashi in an kwantar da shi rigingine, a tafi likita a ranar, kada a jira gobe.

Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. A wannan magana karin ya cuce mu, don da shi muka tattara ciwon muka jibga wa uwa muka koma gefe muna jiran hoto. Duk wanda ya san gidan da aka yi irin wannan haihuwa, ya je yau. Kada ya je kallo. Ya tambayi uwar kilo nawa yaron ya yi a awon ƙarshe, ya karanta mata abin da ke sama, in da hali ya sa hannu a aljihu. Mu kuma za mu ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar hukumomin lafiya na jihohinmu da buƙatun nan har sai mun ji amsa.

Allah ya raya mana su, ya ba iyayensu haƙuri da ƙarfi, mu kuma ya hana mu runtse ido.